Rankin ɗin jami'o'in nan da ake ta turawa a WhatsApp, ni dai tauraro biyu na ba shi

Shekara tara ke nan ina riƙe da ɗan shagon kafe a nan Gombe ta wajen Tudun Wada. Aikinmu bai wuce furintin da hoto-kwafi da cike fom ɗin fos-UTME da duba wa yara admishan a shafin CAPS na JAMB ba, sai kuma lokacin furojet da 'yan ajin ƙarshe suke cika mana shago har goman dare. Rajistar JAMB ita kanta ba mu ke yi ba, wannan sai cibiyar CBT, amma kafin yaro ya kai can a kan bencinmu yake zama ya yi ta juya maganar wace jami'a zai cike, shi ya sa duk wata gardamar wacce ta fi wacce a kunnena take ƙarewa, kuma 'yan shekarun nan da zarar gardama ta yi zafi sai wani ya zaro waya ya ce ai ga rankin nan, wato jerin da ke nuna jami'ar da ta fi wata, shikenan kowa ya yi shiru kamar an jawo aya.

Bana abin ya biyo ni har gida. 'Yar Addata ta rubuta JAMB ta samu maki mai kyau Alhamdulillah, famasi take so, kuma tun farko jami'ar da ke kusa da gida ta cike. Ran wata Asabar sai ga ta a shago da wayar mamanta a hannu, fuskar nan a murtuke, ta ce "Kawu dan Allah duba min wannan." Sikirinshot ne na jami'o'i 20 wai mafiya kyau a Najeriya, an yi masa kwalliya da hoton kofin zinare a sama, babu shekara, babu sunan wanda ya haɗa. Ta ce "Kawu tamu fa ko ta ashirin ba ta zo ba, ni kam canji zan yi." Na ce wa ya haɗa wannan jerin? Ta ce a gurup aka turo. Na ce me suka auna? Ta kalle ni kamar na tambaye ta sunan kakan Sarkin China.

Duk wanda ya taɓa shiga Tudun Hatsi sayen masara ya san kafin a yi maganar farashi mudun ake fara kallo, don akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka rage masa baki, kuma mai awo ba zai faɗa maka ba. To haka na yi wa rankin. Kusan sati biyu in na rufe shago sai in zauna da ragowar cajin inbata ina karanta bayanin da su masu rankin ɗin suka rubuta da kansu kan yadda suke ba da maki, don abin mamaki ba su ɓoye ba, mu ne dai ba ma karantawa. Kuma tambayata ɗaya ce tal: yarinyar da za ta shiga aji ɗaya a jami'ar gwamnati, wannan abin yana faɗa mata irin karatun da za ta samu ko ba ya faɗa?

Abu na farko da na gano shi ne rankin ba shago ɗaya ba ne, shaguna ne barkatai kowa da mudunsa. Akwai na Shanghai da aka fara a 2003 a China. Akwai Times Higher Education na Ingila da QS, waɗanda suka fara tare a 2004 suka raba gari a 2009 kowa ya kama gabansa. Akwai Webometrics na wata cibiyar binciken gwamnatin Sifen, shi ma tun 2004. Akwai US News da ya girme su duka, tun 1983, amma shi jami'o'in Amurka ne asalin kasuwarsa. Na Shanghai ban ɓata lokaci a kansa ba, domin maki 30 cikin 100 gaba ɗaya a kan kyautar Nobel da lambar Fields ta masu lissafi suka tafi, wato malamai nawa da tsofaffin ɗalibai nawa na jami'ar suka ci, wani 20 ɗin kuma takardun da aka buga a mujallun Nature da Science. Wannan kam gasar manyan attajirai ce, mu 'yan kallo ne.

Wanda ya fi yawo a wayoyinmu shi ne Webometrics da 'yan uwansa irin su uniRank, saboda su kowa suke sakawa, Webometrics kaɗai ya jera makarantu sama da 30,000, kuma sau biyu yake fita a shekara, Janairu da Yuli, shi ya sa za ka ga kowane wata shida wata jami'a ta buga bana a bakin get tana murna. Amma ka san me rabin makin yake aunawa? Yawan shafukan intanet na waje da suka saka linkin shafin jami'ar. Rabi cur. Sauran kuma 40 na takardun binciken da aka fi ambata ne, 10 na malaman da aka fi ambaton aikinsu. Ni da nake zaune gaban kwamfuta kullum na san ma'anar wannan, jami'ar da ta samu yaran ICT masu kai suka gyara mata shafi suka loda takardu za ta iya haurawa ba tare da an ƙara ko benci ɗaya a aji ba. Shi uniRank ma da bakinsa ya rubuta cewa jerinsa ba na ingancin karatu ba ne, farin jinin shafin intanet yake dubawa. Mai kaya ya ce rariya yake sayarwa, mu muka dage sai mun ɗebi ruwa da ita.

Times Higher Education ne na fi ba lokaci don shi ne ake ganin girmansa, shi jaridu ke bugawa, kuma shi ne yake da wani ɓangare da ya kira koyarwa mai maki 29.5. Da na ga haka na ce yawwa an zo wurin. Da na buɗe cikinsa sai jikina ya yi sanyi. A cikin 29.5 ɗin nan, 15 na jin ra'ayi ne, ana tura wa malaman jami'o'in duniya tambaya su faɗi jami'o'in da suke ganin sun fi iya koyarwa. To dan Allah farfesan da ke zaune a Jamus ko Japan ina ya san yadda ake koyar da kemistirin aji ɗaya a Kashere ko Gadau? Sunan da ya saba ji shi zai rubuta. Sai 5.5 na yawan digirin dakta da aka bayar idan aka gwada da yawan malamai, sai 2 na yawan masu dakta a kan masu digirin farko, sai 2.5 na kuɗin shigar jami'a. Abin da ya rage wanda za ka ce ya taɓa ɗan aji ɗaya kai tsaye shi ne yawan ɗalibai a kan malami guda, maki 4.5. Huɗu da rabi cikin ɗari fa. Sauran kuma 29 yanayin bincike, 30 ingancin bincike, 7.5 hulɗa da ƙasashen waje, 4 hulɗa da masana'antu. QS ma kusan jirgi ɗaya ya kwaso su, 30 ra'ayin malamai, 15 ra'ayin masu ɗaukar aiki, 20 ambaton takardu, 10 kacal yawan ɗalibai a kan malami. Babu inda aka shiga aji aka zauna, babu inda aka ɗauki takardar jarabawar yaro aka duba ko an yi makin da gaske.

Wani abin da mutane ba su sani ba, rashin ganin sunan jami'a a jerin Times ba yana nufin ta faɗi ba ne, sau da yawa jarabawar ce ba ta zauna ba. Sai jami'a ta buga takardun bincike aƙalla 1,000 cikin shekara biyar a mujallun da rumbun Scopus ya yarda da su, kuma ita da kanta ta tura bayananta, kafin a ba ta matsayi. To ka duba shekarun namu. Ibadan 1948, ABU 1962. ATBU ta Bauchi 1980 aka kafa ta, aka mayar da ita ƙarƙashin ABU a 1984, sai 1988 ta dawo da cin gashin kanta. Jami'ar jihar Gombe 2004, lokacin jihar kanta shekararta takwas da fita daga Bauchi. Kashere 2011. Ta kiwon lafiya da ke Azare 2021. A ce an haɗa su a ma'aunin suna da tarin takardu, ai kamar a haɗa ɗan yaye da magidanci ne a ce a ga wa ya fi iyali.

Ni na yi digirina a wata babbar jami'ar tarayya, tsohuwa, irin wadda ba a taɓa rasa sunanta a waɗannan jerin, ba zan kira suna ba don har gobe ina alfahari da ita kuma ba ita kaɗai ba ce. Maikurobayoloji na karanta. A aji ɗaya akwai kos ɗin da duk 'yan kimiyya muke haɗuwa, lakca ƙarfe bakwai na safe, in kana son kujera to daga sallar asuba ka wuce tiyata ka ajiye littafi, in ka makara sai taga. Na yi samista guda a jikin taga ta uku daga ƙofa, littafina a kan bayan wani abokina shi ma nasa a kan bayan na gaba, lasifika tana kaɗawa rabin maganar iska ta tafi da ita, abin da ka ji ka rubuta abin da ba ka ji ba ka bar fili ka cike da yamma daga littafin wata baiwar Allah da ke zama layin gaba. Farfesan da sunansa ke kan jadawalin, mutum ne da ake ji da shi har ƙasashen waje, takardunsa na cikin abin da ke ɗaga jami'ar a rankin, wallahi sau biyu na gan shi, ranar buɗe kos da ranar da ya zo ya ce mu yi haƙuri zai yi tafiya. Wani ƙaramin malami da ke ta fama da mastas ɗinsa shi ya ja mu har jarabawa. Ranar firaktikal ɗin rina ƙwayoyin cuta a kan gilashi, maikuroskof huɗu ne ke aiki, muka yi layi kamar masu karɓar taki, kowa ya leƙa sakan goma mai kula da lab yana cewa na gaba, na gaba. Ni dai shuɗi-shuɗi na gani. Na koma na zana abin da ke cikin handawut na samu maki takwas cikin goma.

Amma kar a ce na yi butulci. A wannan jami'ar dai, a aji uku, Allah ya haɗa mu da wata malama da ko dakta ba ta gama ba lokacin, duk asaimen ɗin da ka ba ta sai ya dawo maka jajur da jan biro, har waƙafi take gyarawa, in ba ta gane abin da ka rubuta ba ta kira ka ofis ta ce "Malam zauna ka yi min bayani da bakinka." Duk abin da na iya na rubutun rahoto, wanda da shi nake gyara wa yara furojet yau ina cin abinci, a hannunta na koya. Ita wannan a ma'aunin Times kusan sifili ce, ba ta da takardu, ba ta yaye daktoci ba, babu wanda ya san ta a waje. Shi kuma wanda na gani sau biyu shi ne zinaren. Nan ne na gane inda mudun ya lotsa, awon da ya rage wa ɗalibi shi yake cika wa jami'a, domin duk awar da malami ya zauna yana makin takardun yara ɗari uku awa ce da bai rubuta takardar da za ta ɗaga shi ba, kuma ƙarin girma a wurin aiki ma da takardun ake yi.

Sannan lambar kanta ba ta da tsayayyen zama. A jerin Times na 2023 Ibadan tana rukunin 401 zuwa 500 a duniya, a na 2024 sai ga ta a 801 zuwa 1000. Shekara ɗaya tak. Gobara aka yi? Malamai ne suka gudu rabi? A'a, a shekarar ne masu rankin suka sauya yadda suke lissafin ambaton takardu, suka ƙara ma'aunai suka koma 18. Ɗalibin da ke aji biyu a can bai ji komai a jikinsa ba, malamansa su ne dai, ɗakin kwanansa shi ne dai. Kuma haka ake ta karɓa-karɓa a saman jerin Najeriya, yau Covenant ta Ota wadda ta kuɗi ce kuma 2002 aka buɗe ta, gobe Ibadan, jibi a ce Legas ta matso. In da ingancin aji ake aunawa ba zai riƙa tsalle haka kamar farashin tumatur ba.

Ga kuma maganar wa ke ba da alƙaluman. Yawan malamai, yawan ɗalibai, kuɗin shiga, duk jami'ar ce ke cikewa ta tura. Kar ka ce halinmu ne na nan kawai. A 2022 wani farfesan lissafi a jami'ar Columbia da ke New York, Michael Thaddeus, ya zauna ya bi alƙaluman da jami'arsa ta ba US News ɗaya bayan ɗaya ya nuna ba su yi daidai ba, har da na yawan ɗalibai a aji, daga baya jami'ar ta amsa cewa akwai kuskure, daga ta 2 ta koma ta 18. A ƙarshen shekarar makarantun lauyoyi na Yale da Harvard suka ce sun daina ba US News bayanai. Utrecht ta Holan ta fice daga na Times a 2023, Zurich ta Suwizalan ta bi ta a 2024. Waɗanda abin yake yi wa rana ke nan fa suke ajiye shi. Ni da na karanta labarin Columbia dariya na yi, don na tuna satin da masu tantancewa za su zo sashenmu, aka yi fenti dare ɗaya, aka wayi gari lab cike da na'urorin da ba mu taɓa gani ba har da leda a jikinsu, aka raba mana fararen riguna, bayan baƙi sun tafi da kwana biyu mota ta zo ta kwashe kayanta. Ashe kwalliyar ranar baƙi ba ta san baƙi da Bature ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abubuwan da su ne rayuwar ɗalibin jami'ar gwamnati babu ko ɗaya a ma'aunin. Yajin aikin ASUU na 2020 daga Maris har Disamba, wata tara. Na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Yaran da suka shiga 2018 da 2019 a gabana suka riƙa zuwa shago suna zaman kashe wando, wasu suka kama achaba, 'yan mata da dama aka yi musu aure wasu ba su koma ba, kos ɗin shekara huɗu ya zama shida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda wanda ya haura 30 kafin ya gama ba zai je bautar ƙasa ba sai dai takardar yafewa, kuma bankuna da kamfanoni da yawa suna sa iyakar shekaru a tallan aikinsu. Rankin bai rage wa kowa ko rabin maki a kan wannan ba, hasali ma malami yana gida lokacin yajin aiki ya fi samun sukunin rubuta takarda. Haka maganar sakamako ya ɓace a ce ka sake kos ɗin da ka ci, haka taransikirif da sai ka yi wata da watanni kana bi, haka ruwa a hostal, haka wuta lokacin jarabawa, haka tsaron 'ya mace da ke zaune a unguwar bayan makaranta.

Kuma jami'ar gwamnati aikinta daban ne tun asali. Tsarin ɗaukar ɗalibai a na tarayya 45 cikin 100 cancanta ne, 35 'yan yankin da jami'ar take, 20 jihohin da aka bari a baya a boko, wanda Gombe da Bauchi muna ciki. An gina ta ne don ta kwashi ɗan manomin Dukku da 'yar mai ƙosai a Kumo, da yawa, a kuɗi kaɗan, shi ya sa aji ke cika. Masu rankin kuma maki suke bayarwa a kan ɗalibai 'yan ƙasar waje da malamai 'yan ƙasar waje. Yaron da ya shigo ko imel bai iya buɗewa ba ya fita yana rubuta rahoton lab, wannan tazarar da aka ɗauko shi aka kawo shi ita ce ainihin aikin, kuma babu mai aunata.

To ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, kar in zalunce shi. In mastas ko dakta za ka yi, nan kam bincike shi ne abincinka, ka duba rankin, musamman na fanni-fanni, zai nuna maka inda ake da malaman da ke aiki da inda kuɗin bincike ke shiga, misali cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa da ke BUK wadda ke cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa, irin wannan ba ƙarya ba ce. In waje za ka fita ma suna yana buɗe ƙofa, har Ingila ta fito da wata biza a 2022 ta waɗanda suka gama jami'o'in da ke cikin 50 na farko a aƙalla biyu daga jerin Times da QS da Shanghai, kuma babu jami'ar Afirka ko ɗaya da ta shiga. Ka ga ko ka so ko ka ƙi abin yana da haƙori. Ko ɗan digirin farko ma in ya kai aji huɗu zai ji daɗin sashen da ake bincike da gaske, don furojet ɗinsa ba kwafe za a ba shi ba. Kuma tsohuwar jami'a tana da tsofaffin ɗalibai a kowace ma'aikata, wannan ma jari ne. Times ɗin ma sun fito da na ƙasashen Afirka kudu da Sahara a 2023 wanda a ciki ake tambayar ɗalibai kansu, wannan ya fi kusa da abin da nake nema, sai dai shi ma jami'ar da ta ga dama ce ke shiga.

Abin da na ce wa yarinyar nan shi ne ba jami'a za ki karanta ba, sashe za ki karanta. A cikin makaranta ɗaya za ka samu sashen da kowa ke tsoro don ba wasa, gefensa kuma wanda handawut ne kawai ke yawo, rankin kuma ya dunƙule su ya ba su lamba ɗaya. Muka buɗe shafin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, muka duba matsayin tantancewar kos ɗin, don uku ne, cikakkiya mai shekara biyar, ta wucin gadi mai shekara biyu, da wadda aka hana, in an hana kuma ba a yarda a ɗauki sabbin ɗalibai ba. Na san na gama ba da labarin fenti da motar kaya, amma duk da haka su aƙalla suna taka ƙafa su shiga lab su buɗe takardun jarabawa, sun fi wanda ke Sifen yana ƙirga linki. Sannan tunda famasi ne sai an duba ko hukumar PCN mai kula da harkar famasi ta amince, kamar yadda likita sai MDCN, injiniya sai COREN, lauya kuma sai an duba gurbin da aka ba tsangayar a makarantar horar da lauyoyi, domin in an kwashi yara fiye da gurbi sai ka gama ka zauna jiran layi. Na nuna mata ƙa'idar NUC ta yawan ɗalibai a kan malami, 30 a fannin adabi da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a injiniya, 10 a likitanci, na ce riƙe wannan a ka, in mun je ki tambayi su nawa ne a ajinsu. Sauran kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, 'yan aji uku da huɗu na sashen ake nema, ba 'yan aji ɗaya da har yanzu ɗokin admishan bai sake su ba, ba kuma jami'in hulɗa da jama'a ba. A tambaye su sakamakon samistar da ta wuce ya fito ko har yanzu, firaktikal da hannunsu suke yi ko kallo, malamin da ke kan jadawali shi ke zuwa, waɗanda suka gama bara sun tafi bautar ƙasa ko suna gida. Sa'ar da na yi irin waɗannan yaran kullum suna shagona suna jiran furintin, kuma in ka taɓo musu maganar sashensu sai ka ce musu ya isa.

Taurarina dai ga su. Ga mai neman mastas ko dakta ko fita waje, huɗu cikin biyar, da sharaɗin ya san wane rankin yake kallo da shekararsa. Ga malamai da shugabannin jami'a masu son sanin inda bincikensu ya tsaya, shi ma huɗu. Ga uba ko uwa da ke zaɓar wa yaro digirin farko a jami'ar gwamnati, biyu, kuma ɗayan ma don kyauta ne ba a biya. Shi kuma sikirinshot mai kofin zinare da babu shekara babu suna, ko rabin tauraro ban ba shi ba.

Ranar Talata na rufe shago da hantsi na ɗauke ta a mashin muka je sashen da ta cike tun farko. Muka samu 'yan aji huɗu su uku a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da fararen rigunansu a kafaɗa, ta yi ta jera musu tambayoyi har da waɗanda ban koya mata ba, ɗaya ta ja ta suka leƙa lab ta taga, suka yi musayar lamba. Ba duk amsar ce ta yi mata daɗi ba, ba kuma duka ce ta ɓata mata rai ba. A hanyar dawowa ta yi shiru har muka wuce Jekadafari, sai ta ce "Kawu, ita ma waccan ta cikin jerin ai ya kamata mu je mu gani ko?" Na ce ƙwarai kuwa, amma kuɗin Gombe Line mamanki za ta biya. Da daddare Adda ta kira ni tana faɗa wai na ƙara rikita mata yarinya, da jami'a ɗaya take magana yanzu ta dawo da littafi ta ja layi biyu tana cike tambayoyi. Na ce Adda ki yi haƙuri ki tanadi kuɗin mota, ranar Alhamis ta sama da sassafe za mu tashi, kuma har yanzu ba a rufe canjin makaranta ba.